Ranar da Malam Ya Miƙa wa Ƙanwata Bulala

Wata ranar Talata da hantsi, a farkon kaka, shekarar da muka shiga aji biyar, na tsaya a gaban allo da tafin hannuna a buɗe ina jiran ƙanwata ta zane ni. Ta taga ana hango gonar hedimasta, gero ya nuna har ya sunkuyar da kai, iska tana shigo da ƙanshin gyaɗar da aka cire aka baza a bayan ajin. Ajin duka muna jere, maza da mata, kowa yana goga hannu a jikin yunifom. Malam Garba, mai koya mana Turanci, ya zaro tsumagiyar tsamiya daga saman allo ya miƙa wa Saude, ya ce ta fara daga bakin layi. Ni ce a bakin layin. Saude kuwa cikinmu ɗaya da ita, na ba ta shekara uku, kuma tun da ta fara magana ba ta taɓa kama sunana ba, Yaya take ce mini. Abin da ya jawo mini wannan tsayuwa wata 'yar kalma ce ta Turanci mai harafi uku, wadda na sa a inda ba a sa ta, ita kuma Saude ta ƙi sa ta.

Ƙauyenmu yana gefen Roni, a gindin duwatsu. Ba a sa ni makaranta da wuri ba, domin ni ce 'yar fari, Inna kuma tana buƙatar mai kama mata aiki. Sai shekarar da mai unguwa ya zaga gida-gida yana cewa a fito da yara, Baba ya tasa mu gaba ni da Saude ya kai mu tare. A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa. Yaro zai ɗora hannu ta saman kansa, in ya taɓo kunne an ɗauke shi. Ni har wuce kunnen na yi. Saude sai da ta karkatar da kai ta ɗage kafaɗa sannan ɗan yatsanta ya shafi gefen kunnen, hedimasta ya yi dariya ya ce ya gani, amma a rubuta ta. Haka muka zama 'yan aji ɗaya, ita a bencin gaba saboda ƙanƙanta, ni a can baya tare da dogaye.

A gida kowa ya san matsayinsa. Da asuba ni ke hura wuta, ita ke miƙo mini karan dawa. Ni ke jan guga a rijiya, ita ke ɗaukar ƙaramin tulu. In aka zubo mana tuwo a kwano ɗaya, ba ta sa hannu sai na sa, in kuma an yi sa'a akwai tsokar nama, ni ke rabawa, ba a kuma taɓa jin ta ce rabon bai yi daidai ba, ko da yake sau da yawa bai yi ɗin ba. Da damina muna bin Baba gona mu yi shuka, yana sara da sungumi muna zuba iri muna rufewa da diddige, ni a gaba ita a baya. Da kaka mu yi tsinkar gyaɗa har yatsunmu su yi kanta, mu kwaso harawa wa awaki, mu taya Inna sussuka da sheƙa. Ko a dandali ni ke ba da waƙar gaɗa, ni ke zaɓar wadda za a cafe. In Saude ta yi laifi Inna ba ta nan, ina da ikon in ja mata kunne, domin Inna takan ce, "Babbar ya uwa ce." Wannan magana na riƙe ta hannu biyu.

A makaranta ma haka abin yake. Tun daga aji ɗaya ban taɓa sauka daga na ɗaya ba. Allah Ya ba ni hadda. In malam ya rubuta abu a allo, kafin ya goge na kwashe shi. Jadawalin lissafi, sunayen jihohi da manyan biranensu, sassan jikin fara, duk suna kaina. Ni ce monitar mata, ni ke rubuta sunayen masu surutu, ni ake aika in buga ƙarfen tara da ke rataye a jikin darbejiya. Saude tana can tsakiya, ba ta cikin na gaba ba ta cikin na baya. Abin da aka san ta da shi kawai kwaikwayo ne, har a gida ana ce mata Aku. In matan Fulani suka shigo da nono, kafin su sauke ƙwarya ta gaishe su da Fulatanci da irin muryarsu, su yi ta dariya suna cewa a ba su ita. In 'yan Nijar masu sayar da kanwa suka wuce, ta yini tana magana irin tasu tana cinikin sefa da awaki. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin ilimi ba. A ganina shiririta ce irin ta ƙananan yara.

Malam Garba mutumin Kanya Babba ne, dogo, siriri, yana zuwa a kan tsohon keke da littattafai ɗaure a baya da roba. Shi ya zo mana da wata al'ada da ya ce haka aka koyar da su. Zai rubuta jimla a allo ya bar gurbi, kowa ya faɗi abin da ya ga ya dace. Waɗanda suka faɗi su fita gaba su jeru, waɗanda suka ci su zauna a sake rubuta wata. Yana farawa da masu sauƙi, yana ajiye masu wuya sai ƙarshe. Haka za a yi ta tankaɗe mu har a rage mutum ɗaya a zaune, shi zai karɓi tsumagiya ya bi layi, ya fara da wanda ya faɗi a ƙarshe. Akwai kuma sharaɗi. In mai bulala ya yi sassauci, Malam zai karɓa ya nuna masa yadda ake yi a nasa hannun. Ba sai na faɗa ba, tsumagiyar nan ta zama tamkar tawa. Na san inda take da kauri da inda take lanƙwasa. Na zane ƙattin maza waɗanda suka fara bin shanu, na zane ɗan mai unguwa, na zane Saude ma, babu wanda ya ga abin magana, tunda ko a gida ina da wannan iko. Ina jin daɗin abin ƙwarai, kuma ban ɓoye ba ko a lokacin.

Sai muka zo kan kalmar nan, "the", wadda a bakinmu "za" muke ce mata. Malam ya raɗa mata suna 'yar rakiya. Ya ce a Turanci akwai sunayen da ba sa fita sai da 'yar rakiya a gabansu, akwai kuma waɗanda in ka haɗa su da ita ka ɓata musu tafiya. Ya kawo mana misali da Hausa, ya ce in ka ce ka ga akuya, kowace akuya ce, in kuwa ka ce ka ga akuyar, to da kai da mai sauraro kun san wadda ake nufi, nan ne wurin 'yar rakiya. Na haddace wannan a take, na ce a raina an gama. Ashe ba a fara ba. Rana da wata sai da ita. Sunan mutum ba a sa masa, haka Kazaure da Babura da Gwiwa, amma kogi sai an sa masa. Ruwa in ruwa ne kawai ba ya so, ruwan randarmu kuma yana so. Duk dokar da na haddace yau, gobe sai Malam ya zo da wata jimla da ta karya ta. Na fara kwana da abin a raina, ina daka ina bitar dokoki. Saude kuwa ba ta bitar komai. Tana dai maimaita jimlolin littafin karatu da muryar Malam, tana wanke-wanke tana rera su kamar waƙa, ba ta ma damu da ma'anarsu ba.

A ranar Talatar nan an tankaɗe kowa sai mu biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Malam ya rubuta jimlar da ke nufin muna zuwa makaranta kullum, ya bar gurbi kafin makaranta. Na yi lissafina tsaf. Makaranta ɗaya ce a ƙauyenmu, kowa ya san ta, don haka sai da 'yar rakiya. Saude ta motsa baki a hankali tana faɗin jimlar, ta ce ba a sawa. Malam ya tambaye ta dalili, ta ce ita dai ta ji bai yi daɗin faɗa ba in an sa. Ya ce ta ci. Na ɗaga hannu na ce ai jiya da muka yi kasuwa an sa, me ya raba kasuwa da makaranta? Ya ce harshen masu shi ne, haka suke faɗa, in fito in shiga layi. Na fito na shiga layi. Ɗan mai unguwa yana yi mini murmushin da har yau ban manta ba.

Saude ta karɓi tsumagiyar ta zo gabana, kanta a ƙasa. Ta dubi hannuna, ta dubi Malam, ta ce, "Malam, yayata ce." Ya ce a cikin ajin nan babu yaya babu ƙanwa, akwai wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ta ƙi motsi. Ya daka mata tsawa, ta ƙi. Ya karɓi tsumagiyar ya ce ta miƙo hannu, ya zane ta a gabanmu har hawaye suna ɗiga a kan sumunti, amma da ya sake miƙa mata sai ta mai da hannuwanta baya. A ƙarshe ya gaji ya ce kowa ya koma ya zauna. Ranar babu wanda aka daka a ajin nan sai wadda ta fi kowa sani. Ya kamata in ji tausayinta, kuma na ji ɗan kaɗan. Amma abin da ya cika mini ƙirji shi ne yadda yara suka kewaye ta lokacin tara, wannan ya miƙa mata rogo da ƙuli, wancan ya ba ta aya, ni kuwa ina zaune a gindin darbejiya ba wanda ya ko dube ni.

A gida abin ya fi muni. Kafin mu isa labari ya riga mu, domin yaran maƙwabta sun fi mu sauri. Inna ta zaunar da Saude a kan tabarma ta shafa mata man shanu a hannu, tana cewa, "Kin yi daidai, 'yar albarka. Hannun da ya ɗagu a kan yayarsa ba ya ganin alheri." Duk matar da ta shigo aron rariya ko ɗiban wuta sai an ba ta labarin daga farko. Baba da ya dawo daga gona ya ji, ya ce a ba ta kan kazar da za a yanka ranar Juma'a mai zuwa, kan kaza kuwa a gidanmu rabona ne. Shekara da shekaru ina kawo na ɗaya, abin da nake samu shi ne Allah Ya yi albarka, je ki ɗauko tsintsiya. Ita rana ɗaya ta ci ni a Turanci, ta kuma ci ni a ladabi, ta haɗa biyu ta tafi da su. Ranar na yi surfen da ya kamata mu yi tare ni kaɗai, ina buga taɓarya kamar turmin ne ya yi mini laifi.

Daga wannan makon sai abin ya juya. Kusan kullum mu biyu muke ragewa, Malam kuma yakan fara tambayar Saude tunda ita ce a gaba. Duk abin da ta ce, ni sai in ce akasinsa. Ba wai don na sani ba, haushi ne kawai, ba zan yarda a ce bakina ya bi nata ba. Abin mamaki kullum sai in ci. In ta ce a sa, na ce kar a sa, ni ce da gaskiya. In ta ce kar a sa, na ce a sa, ni ce da gaskiya. Tsumagiya ta dawo hannuna, Saude ta koma bakin layi, ina farawa da ita in wuce kan sauran. Na koma tafiya ina ɗaga kai. Na ce a raina dama sa'a ce ta yi ranar Talata, irin ta makaho da ya taka kuɗi, yanzu ruwa ya koma magudanarsa. Malam yakan tsaya ya daɗe yana kallon Saude bayan ta ba da amsa, sannan ya juyo kaina.

Zazzaɓi ne ya buɗe mini ido. Na kwanta 'yan kwanaki ban je makaranta ba, Inna tana dafa mini sabara da ganyen darbejiya ina surace. Ranar da na koma, ƙawata Lami ta tare ni a bakin rijiyar makaranta ta ce gara da na dawo, hannuwansu sun gaji. Na ce wa ke dukansu ba na nan? Ta ce Saude mana, tun ranar da na kwanta ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, har Malam ya ɗauko jimlolin aji shida ya gwada ta, ta wuce su kamar tana shan kunu. Na ajiye bokitin da ke hannuna. A nan tsaye na gane komai. Mai canki-canka wata rana yakan dace. Wanda zai faɗi kullum ba kuskure, sai wanda ya san amsa sarai ya kauce mata. Kuma ta san halina fiye da yadda na san shi, ta san ba zan taɓa bin bakinta ba, sai ta riƙa miƙo mini amsa ta bayan gida. Duk tsawon makonnin nan ashe ciyar da ni take yi kamar yadda ake ɗura wa jariri koko, ni kuma ina rama mata da tsumagiya.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, amma ba godiya ba ce. Kishi ne tsantsa, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Da a ce ta fi ni ne kawai, da na ce zan dage in kamo ta. Amma ta fi ni har tana da rarar da za ta yi mini sadaka da ita, ta sha duka a kai, ta dawo gida ta ɗauki ƙaramin tulunta kamar ba abin da ya faru. Na riƙa kallonta a gonar gyaɗa da yammar nan, tana tsinka tana 'yan waƙe-waƙenta, kallabinta ya zame, ƙafafunta duk ƙasa, ina tambayar kaina ina wannan abu yake zaune a cikin ɗan kan nan, kuma me ya sa ita aka ba ba ni ba. Ni ce mai kwana da dokoki. Ni ce mai tashi da asuba in duba littafi a hasken murhu. Ita ko fensir ba ta iya adanawa, kullum sai na gutsura mata nawa.

Washegari da aka zo darasin, aka tankaɗe kowa ya rage mu biyu, Malam ya tambaye ta, ta ce a sa. Ya juyo kaina. Na ce, "Abin da ta faɗa, Malam." Saude ta waiwayo da sauri, idanunta kamar za su faɗo. Malam ya cire tabarau ya goge, ya ce duka mun faɗi, tunda kuwa babu wanda ya rage a zaune, shi zai yi aikin da kansa. Ranar ajin nan ya ji a jikinsa, har Lami ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma na samu abin da nake nema, domin fuskar Saude ta ba ni amsa tun kafin in tambaya.

A hanyar gida akwai wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse, da muke zama a kai mu cire takalman makaranta mu riƙe a hannu, don kada su cinye. Nan na tsayar da ita, na jira sauran yara suka yi nisa. Na ce mata tsakanina da ita wace ce babba? Ta ce ni ce. Na ce in na aike ta tana zuwa ko ba ta zuwa? Ta ce tana zuwa. Na ce to daga gobe ta faɗi abin da ta sani, in kuma an ba ta bulala ta fara da ni yadda ake yi wa kowa. Ta fara kuka ta ce, "Yaya, kin ji abin da Inna ta ce a kan hannu." Na ce Innar ce dai ta ce babbar ya uwa ce, ni na sa ta, in akwai alhaki yana wuyana, in kuma ta sake faɗuwa da gangan ba ni ba ita, ko kwano ba za mu ƙara haɗawa ba. Ban faɗi haka don ina son ta ci gaba ba, kada wani ya ba ni ladan da ban nema ba. Na faɗa ne don na fi son a doke ni da gaske da a ɗaga ni da tausayi.

Ba a daɗe ba ranar ta zo. Jimlar a kan ƙasar Nijar ce da kogin da ya ratsa ta, gurbi biyu. Na yi iya tunanina na sa wa duka biyun, Saude ta sa wa kogin ta hana ƙasar. Malam ya ce ta ci, ya miƙa mata tsumagiya yana kallon ta ta saman tabarau, yana jiran irin ta rannan. Ta zo gabana. Na miƙa hannu na kafe ta da ido. Ta farko da ta sauke ko ƙuda ba za ta kora ba, na ga Malam ya fara tasowa daga kujera, na ce mata ƙasa-ƙasa, "Buga." Ta rufe ido ta buga. Na manta cewa hannun nan tare muke daka da shi tun tana tsayawa a kan kututture don ta kai bakin turmi. Zafin ya ratsa ni har ƙeya. Ita ta yi kukan, ni ban yi ba, na koma bencina na tura hannun a ƙarƙashin cinya. Da muka je gida Inna ta ga shatar ta tambaya, na ce bulalar Malam ce. Ta ce ta san bulalar Malam ce, hannun wa? Na ce ni na sa ta. Inna ta dube ni ta ce, "Babba juji ne," ta miƙo mini ƙwaryar gero ta ce a yi surfe kafin la'asar. Ni ba a shafa mini man shanu ba.

Daga nan ban ƙara riƙe tsumagiyar Turanci ba sai jefi-jefi. Abin kuma bai tsaya a Turanci ba. Kamar dama wani ƙulli ne aka kwance mata, Saude ta fara tasowa a lissafi, ta taso a sauran darussa, ƙarshen zangon nan hedimasta ya kira sunanta kafin nawa a filin fareti. Na tafa mata tare da kowa, tafin da ya fi kowane nauyi a rayuwata. Da muka gama aji shida ta samu makarantar kwana a Kazaure, ni na yi ta jeka-ka-dawo a Roni. Ranar da za ta tafi ni na ɗaure mata akwatin ƙarfe a bayan mashin, na cusa mata ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda, na ce kada ta je ta zubar mana da mutunci da kwaikwayon malamai. Da mashin ɗin ya ɓace a bayan duwatsu na shiga ɗaki na tarar tabarmar da muke kwana a kai ta yi mini faɗi.

Yanzu ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a wajen Yankwashi, ina zuwa a mashin ina dawowa a mashin. Turancina yana isata aiki, kuma har yau in zan rubuta rahoto nakan tsaya a gaban wani suna ina shawarar ko yana son rakiya. 'Ya'yana mata biyu suna makaranta ɗaya, ba wanda ke ba ɗaya bulala ta doki ɗaya, ƙaramar ma sunan babbar take kira gatsal, in na yi faɗa su ce na cika tsohon yayi. Saude tana Abuja, aikinta duk da Turanci ne, tana gyara rubutun manyan mutane kafin a fitar da shi. Daga Sallah sai Sallah muke ganin ta. In ta zo takan durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta karɓe tsintsiya daga hannuna, na ce ta bari ta ƙi. Na taɓa gaya mata cewa har gobe ina kishinta, ta yi dariya ta ɗauka wasa nake yi. Ba wasa ba ne, kishin yana nan, ya dai tsufa ya zubar da haƙora. Amma duk ranar da na raka ta bakin titi, motarta ta juya ta kama hanyar Kano, nakan daɗe a tsaye ina tunanin fan nan da abin da na faɗa a kansa. Ni na ce ta wuce ni, ban dai ce ta yi nisa haka ba.